Kwana Arba'in a Turke

Shekarar da fari ya dawo karo na biyu, wadda soja suka rufe boda a cikinta, Sodangi na Burkusuma ya sayar da shanunsa ya sayi babur. Da wani ne ya yi haka, da an ce wauta an wuce wurin. Amma Sodangi shi ne mai horon shanun noma na yankin duka. Daga Tozai har ƙauyukan hayin Nijar akan kawo masa maraƙi mai taurin kai, bayan wata uku ya mayar wa mai shi da sa mai bin kunya kamar an ja masa zare.

Shi bai ga abin mamaki ba. Harawa ta ƙare, kara ya ƙare, an sassare rassan gawo har sun zama kamar yatsun kuturu. Ya tsaya daga nesa ya ƙirga haƙarƙarin Ɓaleri, babban sansa, ya san in ya ƙara wata guda fata kawai zai kai kasuwa. Sai ya kora su su shida zuwa Sabon Birni da sauran nama a jikinsu, ya haɗa da garma da karkiya. Tunaninsa gajere ne. Motoci sun daina ƙetare boda, amma hatsi da gishiri da kanwa ba su daina neman hanya ba, kuma babur yana bin burtali. Ranar da bai yi aiki ba, ba ya cin harawa.

A cikin akwati aka sauke babur ɗin daga motar Sakkwato. Wanda ya haɗa shi wani bakanike ne, Halliru, mai rumfa a gindin dogon yaro kusa da tasha. A Maraɗi ya koyi aiki, saboda haka rabin sunayen ƙarafan da ke bakinsa na Faransanci ne. Kwana uku ya yi yana koya wa Sodangi hawa a filin bayan gari. Ranar da zai sallame shi ta faɗo ranar kasuwa, mutum uku na tsaye a kansa kowa da tayarsa. Ya tsoma tsinke cikin jan fenti ya ɗiga a gilashin mita.

"Baba, allurar ga kar ta wuce jan ga. Kar ka aza mishi kaya. Sai ya ƙare rodaji."

"Sai ya ƙare mi?"

"Rodaji. Horo ne, Baba, irin naku na shanu. Ka bi shi sannu har shi saba. In ya cika ka maido shi in juye mai."

Ya buga yatsa a kan wasu ƙananan lambobi da ke ƙarƙashin allurar, ya ce dubu, sai wani ya kira shi ya juya. Sodangi yana karanta ajami, amma lambobin boko duk kamar sawun kaji suke a idonsa. Bai san dubun mene ne ba, kuma mutum mai shekarunsa ba ya tambayar sa'an ɗansa abu sau biyu a gaban jama'a. Ban da haka ma, ya ji kalmar da yake buƙata. Horo dai ba wanda zai koya masa.

A wurin Sodangi horo mataki uku ne. Sabon sa yakan yi kwana arba'in a turke ba a taɓa shi da aiki, har ya san warin gidan da muryar mai shi. Sannan a ɗaura masa gungume ya ja. Sannan garma, a ƙasa mai laushi. Wanda ya tsallake na farko, zai biya a na uku.

Da ya isa gida ya shigar da babur ɗin rumfar Ɓaleri, ya tsayar da shi daidai turken, ya rufe da tabarma. Kullum bayan sallar asuba sai ya yaye tabarmar, ya buga kik, ya bar injin ya yi kuka gwargwadon shan kofin kunu, ya kashe, ya goge shi da tsumma, ya ƙulla ƙulli ɗaya a tsohuwar igiyar hanci.

Matarsa Rahmatu ta yi mako guda tana kallo. A na biyu ta leƙo rumfar da ƙwarya a hannu ta tambaya ko a kawo wa baƙon dusa, ko ya ƙoshi. Ya ce ya ƙoshi. Ta ce Ɓaleri dai ko yana zaune yakan ba ta kashin hura wuta, wannan kuwa sai hayaƙi. Yayansa Bawa, wanda katanga ɗaya ta raba gidajensu, ya ce tun da aka fara kafa turke a Gobir bai ji an ɗaure ƙarfe ba. Sodangi ya ci gaba da ƙulla igiyarsa. A cikin kwanakin nan rumbu ya sauka har sai an shiga ciki ake ɗibar hatsi, aka koma tuwo sau ɗaya a rana, ana cika ciki da tafasa da ganyen jiga.

Ranar da ƙulli ya cika arba'in ya sa rigarsa mai kyau ya hau sannu zuwa Sabon Birni. Halliru ya share gilashin mita da babban yatsa, ya duba, ya sake dubawa.

"Baba, ina ka kai shi duk kwanakin ga?"

"Turke."

Halliru ya fara dariya, ya ga fuskar dattijon, dariyar ta tsaya a rabi. Ya jawo benci ya ce a zauna.

"Sa kwana shika ƙirga, Baba. Wanga ƙasa shika ƙirga. Kilomita dubu nic ce. Ko ɗari ba ka yi ba."

Ya yi masa bayani da abin da ya san zai shiga. Ya ce cikin injin akwai fistan mai hawa da sauka a raminsa, kuma sabon fistan da sabon rami kamar sabon dutsen niƙa ne da ɗansa, garin farko duk tsakuwa ne, sai an yi ta niƙa kafin fuskokin su kwanta wa juna. Ajiya ba ta kwantar da su, tafiya ce kawai. In kuwa aka matsa musu da nauyi ko gudu tun suna da kaushi, sai su yi zafi su kama juna, injin ya buga. Ya ce da can sai ya aika Maraɗi a kawo kayan gyara, yanzu kuwa ko Sakkwato sai an yi sa'a. In ya buga, sai dai kaji su kwana a kai.

Sodangi ya yi lissafi. Kwana arba'in na hatsi aka ci a banza, kuma shi ya ƙulla su da hannunsa. Bai ce Halliru bai faɗa masa da kyau ba, don ya san shi ne bai tambaya ba. Ya zaro igiyar daga aljihu ya fara kwance ƙullin ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama ya ce a nuna masa yadda ƙarfen yake ƙirga nasa. Halliru ya nuna masa lamba ta uku daga dama, ya ce duk juyin da ta yi ɗari ne, in ta juya sau goma an gama. Ya yarda masa da nauyin kansa da abin da bai wuce rabin buhu ba. Sodangi bai koyi lambobin ba, juyinsu kawai ya koya, duk juyi ɗaya ya ƙulla ƙulli ɗaya a igiyar.

Daga ranar ya shiga yawo. Tunda kaya masu nauyi sun haramta, sai ya zama mai ɗaukar marasa nauyi: wasiƙa zuwa Isa, ƙullin magani zuwa Tozai, goro, allura da zare, saƙon rasuwa, wanda ya fi komai yawa a shekarar. Masu aike sukan sallame shi da kwalbar fetur ko tiyar dawa. Yana tafe allura na ƙasa da jan fenti, in ya yi nisa ya tsaya a inuwa ya bar injin ya huce, ya kai bayan hannu kusa da shi kamar yadda yakan taɓa wuyan sa. Masu keke suna wuce shi. Wani mai jaki a hanyar Isa ya taɓa ce masa in sauri yake yi ya sauko ya ara masa jakin. A kasuwa aka sa masa Hawainiya.

Wajen ƙulli na uku ya lura kukan injin ya sake. Da fari akwai wani ƙaiƙayi a cikinsa kamar tari na son fita, yanzu ya fara zama ɗaya. Bai faɗa wa kowa ba, amma ya ji daɗin da yakan ji ranar da maraƙi ya daina fizgar igiya.

Yana da ƙulli biyar ruwa ya sauka. Da hantsi hadari ya taso daga gabas, kafin azahar an yi ruwan da aka tona aka ga ya shiga ƙasa fiye da taƙi. Unguwa ta fito tana kallon gonaki, amma ba wanda ya ɗauko sungumi, don ba iri. Yawancin gidaje sun daka nasu tun kafin azumi. Irin da ya rage buhu uku ne na gero mai saurin nuna, yana Kamarawa wurin Kalilu, wan Rahmatu, mai gonar fadama. Ya daɗe da cewa a zo a ɗauka a raba wa unguwa. Dattawa ne suka ce a bar shi can da gangan, don iri a gidan yunwa tuwo ne. Yanzu ga ruwa, ga iri a nesa. Jakunan da suka rage ba mai iya kai kansa Kamarawa, balle ya dawo da kaya. Mota sai ranar kasuwa, saura kwana biyar. A irin ranar da ake yi kuwa, laima ba ta wuce kwana uku. Babur ɗaya ne a unguwar.

Bayan la'asar Bawa ya shigo da dattawa biyu suka tsaya bakin rumfa. Ya ce abin ba wuya, biyu a baya ɗaya a kan tanki, yadda 'yan fasa-ƙwauri suke yi, a fita da asuba a dawo da azahar, gobe war haka kowa ya rufe gonarsa.

"Rabin buhu," in ji Sodangi. "Za ni kullum, rabi rabi."

"Rabi rabi kwana shida ke nan. Ƙasa za ta jira ka?"

"Bai ƙare horo ba."

"Ƙarfe ne fa, Sodangi. Ba shi da uwa ba shi da uba. Mu muna da ɗiya."

"Yaya, ka tuna Gwanki?"

Bawa ya kau da kai. Gwanki jan maraƙinsa ne, shekara goma sha biyu da suka wuce. Yana cikin jan gungume ruwa ya sauka da wuri, Bawa ya matsa sai an sa shi garma, Sodangi ya ji nauyin yayansa ya sa. Yini biyu wuyan ya kumbura ya fashe. Ya warke, amma daga nan duk ranar da ya ga karkiya sai ya kwanta, ko wuta aka sa masa ba ya tashi. Mahauta suka ɗauke shi. Shi ne sa ɗaya da ya lalace a hannun Sodangi.

Dattawan suka fita ba sallama. Sodangi ya zauna kan turken yana juya igiya. Abin da ya dame shi, bai tabbata injin zai buga ba. Halliru da kansa ya ce wasu sukan yi ganganci su sha. Mai yiwuwa ya ɗauko ukun ya iso lafiya, unguwa ta shuka, shi ya zama mutumin kirki. Mai yiwuwa kuma ya tsaya a dajin da ke tsakanin Isa da Sabon Birni da buhu uku da mataccen ƙarfe, ba iri, ba babur, ba shanu. Shanu shida ne a cikin injin nan, da garma, da abin da gidansa zai ci har wata shekara. Ya auna, ya ga ba wai ya fi Bawa gaskiya ba ne. Nasa kawai yake karewa, kuma ya san haka.

Rahmatu ta kawo masa ruwa. Ta ajiye a gefen turken.

"Maigida, in rabi rabi ne, gonarmu ta zan ta ƙarshe. In ba haka ba ba mu iya zama garin ga."

Ya ce ya ji.

Ya fita da asuba. A Kamarawa Kalilu ya auna masa rabin buhu, ya roƙe shi ya ƙara ko tiya biyar, Sodangi ya ƙi. A yashin gulbi ya sauka ya sa giya ɗaya yana tafe a gefe yana turawa, don kada injin ya yi nishi. Ya iso Burkusuma bayan la'asar, ya sauke a ƙofar Bawa, aka raba da tiya, gidaje masu yawan iyali suka fara karɓa. Ba wanda ya yi masa sannu da hanya. Washegari haka. A rana ta uku sama ta yi fari fat, iska mai zafi na busa. A wani miƙaƙƙen wuri mai tauri bayan Isa ya ga allura ta hau kan jan fenti, hanya a buɗe, injin na neman a sake shi. Ya ji yatsunsa sun fara murɗa totur. Ya mayar da su. Da ya iso, waɗanda suka karɓi rabon ranar sun tona ƙasa sun ga ta bushe har rabin yatsa, suka shuka haka nan. Buhu da rabi ya shiga ƙasa, buhu da rabi ya rage a Kamarawa. Gidaje bakwai ba su samu ba, har da nasa. Ƙullinsa ya kai tara.

Mako guda ba mai gaishe shi a masallaci sai liman. Gero ya tsiro a gonakin da aka shuka, kore shar, ganye biyu. Yakan wuce ta gefensu da wasiƙun mutane, ya wuce tasa gonar tana nan ja. Sai ruwa ya ɗauke. Kwana goma, sha biyar, ashirin. Tsiron ya naɗe ya zama kamar zare, iska ta binne shi da rairayi.

A cikin kwanakin lambar ta yi juyinta na goma, a hanyar Tozai. Ya tsaya ya ƙulla, ya juya zuwa Sabon Birni. Halliru ya kwance ƙusar ƙasan injin, baƙin mai ya zubo a tsohon kwano. Ya karkata kwanon ga rana, ya ce Baba ya duba. A gindin man akwai wani gari mai ƙyalli kamar kwalli.

"Tsakuwar dutsen niƙa ke nan. Ya zubar da haƙoran nono."

Ya zuba sabon mai, ya buga kik, ya sa kunne ya daɗe, ya ce a cikin baburan da ya haɗa bai ji mai lafiyar wannan ba. Ya ɗauki wuƙa ya kankare jan fentin. Sodangi ya bari sai da masu jira suka matsa, sannan ya yi tambayar da ta yi mako uku tana cinsa.

"Da na aza mishi ukun ran nan, da ya buga?"

Halliru ya goge hannu a tsumma. "Allah kaɗai ya sani, Baba. Wani shi kan sha, wani ba shi sha."

Ba amsar da yake so ba ce, amma bai sa ran wata ba.

Ruwa na biyu ya zo kwana ashirin da huɗu bayan na farko. A duk unguwar ba ƙwayar iri sai buhu da rabin da ke Kamarawa. Bawa bai shigo ba wannan karon, ta kan katanga ya yi gyaran murya ya ce ko za a je. Sodangi ya riga ya yaye tabarma.

Kalilu ya ɗaure masa buhu a baya, rabi a kan tanki. Babur ɗin ya ɗauka bai yi nishi ba. A miƙaƙƙen wurin nan na bayan Isa Sodangi ya duba mita, ya ga allura na zaune daidai inda fentin yake a da, ko da yake gilashin fes yake. Sai da ya yi wa hannunsa magana kamar yadda yakan yi wa sa a bakin kunya, sannan ya murɗa. Kafin azahar yana Burkusuma.

Aka raba wa kowa, waɗanda suka rasa da waɗanda nasu ya ƙone, kowa kaɗan. A bakin masallaci Sodangi ya ji Bawa yana gaya wa mutane ƙanensa tun yana yaro ya san sama, shi ya sa ya ƙi kawo irin duka a ruwan farko. Wasu suka gyaɗa kai. Sodangi ya san bai san sama ba, ƙarfensa ya tausaya wa, kuma da ruwan farko ya ɗore da har ya mutu ana nuna shi da baki. Ya sa takalmansa ya wuce bai gyara zancen ba.

Shukar ta yi latti, abin da aka girbe a shekarar bai kai kowa tsakiyar sanyi ba. Babur ɗin ne ya ciyar da gida biyu, nasa da na Bawa, har wata damina, yana bin burtali da gishiri ya dawo da dawa.

Amma wannan daga baya ne. A ranar dai, tiya biyu ce ta rage a gindin buhu bayan an sallami kowa. Ya mayar da babur ɗin rumfa, ya rataye igiyar a turke, ya ɗauki sungumi. Rahmatu ta biyo shi da ƙwaryar iri. Yana sara tana zubawa tana takewa, ƙasa da sauran laima.